Tambaya da Amsa: Shin Ƙibar Yaro Alamar Lafiya Ce?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ƙanena yana zaune a jihar Teksas ta Amurka, kuma matarsa 'yar asalin Meksiko ce. Likita ya ce ɗansu mai shekara 3 ya yi ƙiba fiye da kima, amma uwar yaron da kakarsa sun ƙi yarda, domin yana cin abinci sosai kuma yana wasa. Ni ma da na ga hotonsa sai na ce tubarkalla. Wane ne yake da gaskiya? (Daga wata mai karatu a Agege, Legas)

Amsa: Wa alaikumus salam, Hajiya. Ra'ayin matar ƙanenki ya yaɗu a tsakanin iyaye 'yan asalin Latin Amurka, waɗanda da yawansu suke auna lafiyar ƙaramin yaro da cikar kumatunsa, da yadda yake cinye abin da aka zuba masa, da kuzarinsa wajen wasa. Ramammen yaro ne yake tayar musu da hankali, saboda kakanni da dama sun taso ne a ƙauyukan da rama take nufin yunwa ko gudawa ko tsutsar ciki, kuma a gidajensu maganar kaka tana da nauyi a kan abin da jika zai ci. Duk wanda ya san yadda ake yabon jariri ɓul-ɓul a gidan suna a Agege ko Idi-Araba zai gane wannan tunani.

Sai dai a wannan magana likita ya fi kusa da gaskiya. Alƙaluman hukumar yaƙi da cututtuka ta Amurka (CDC) na shekarar 2017 zuwa farkon 2020 sun nuna cewa kimanin kashi 26 cikin ɗari na yaran 'yan asalin Latin Amurka da ke zaune a ƙasar masu shekara 2 zuwa 19 suna da ƙiba mai tsanani, alhali a tsakanin yaran Turawa farar fata abin bai kai kashi 17 ba. Ƙibar da ta kama yaro tun yana ƙarami takan bi shi har girma, ta kuma ƙara masa haɗarin ciwon suga da hawan jini. Likita ba da ido ya yanke hukunci ba: daga shekara 2 ana haɗa nauyin yaro da tsawonsa, a kwatanta da na sa'o'insa a jadawalin girma.

Ba a sa ɗan shekara 3 ya rage cin abinci kamar babba, abin da ake so shi ne tsawonsa ya cim ma nauyinsa a hankali. A fara da abin sha, domin a Meksiko shan lemon kwalba ya yi yawan da sai da gwamnati ta sa masa haraji a 2014, kuma ƙungiyar likitocin yara ta Amurka ta ce ko ruwan 'ya'yan itace ne, kada yaro mai shekara 1 zuwa 3 ya wuce kimanin rabin kofi a rana. Ki shawarci ƙanenki ya tafi asibiti tare da kakar yaron, a nuna mata jadawalin, a kuma nema mata tafinta idan Sifaniyanci kaɗai take ji.