Dalilin da waƙoƙin swing na lokacin yaƙi ba sa wuce minti uku

Malam, ka tambayi abin da ya sa waƙoƙin swing (wani salon kiɗan jazz na rawa) na zamanin Yaƙin Duniya na Biyu duk gajeru ne. Faifan garmaho ne ya jawo haka. Faifan lokacin mai inci 10 yana juyi 78 a minti guda, fuska ɗaya kuwa kusan minti uku take ɗauka, dole makaɗa su taƙaita. A zauren rawa sukan ja kiɗan fiye da haka.

In kana son masu tsawo, nemi fayafayan garmahon da ake kira V-Disc. Rundunar sojan Amurka ta fara buga su a 1943 don sojojinta da ke fagen fama, inci 12 ne, fuska ɗaya tana iya haura minti shida. An yi su da wani irin roba mai juriya, domin fayafayan da aka saba da su saurin fashewa gare su a hanya. Ga wani abin kuma: tun watan Agusta 1942 ƙungiyar makaɗan Amurka ta hana mambobinta naɗar faifai wa kamfanoni saboda rigimar kuɗi, amma ta amince su yi wa sojoji. Ni dai a kunnena, waɗannan sun fi armashi.