Hukuncin Rubuta Sambatun Tsoho Mai Gargara a Ƙagaggen Labari

Tambaya: Allah ya gafarta Malam, ni marubuciya ce, kuma ina rubuta ƙagaggen labari a kan wani dattijo ɗan kasuwa, mai zafin rai da riƙo, wanda gigin tsufa ya kama shi yana kwance ciwon ajali. Yakan kira matarsa da ta daɗe da rasuwa, yakan zagi 'ya'yansa, har na sanya a bakinsa maganar yanke ƙauna daga rahamar Allah. Shin akwai laifi a kaina?

Amsa: Da sunan Allah, tsira da aminci su tabbata ga Manzonsa. Malama, babu laifi a kanki, matuƙar mai karatu ya san labarin ƙagagge ne kuma ba ki ƙawata mummunar maganar ba, domin ƙa'ida ce a wurin malamai cewa mai hakaito kafirci ba kafiri ba ne, kuma Alƙur'ani da kansa ya hakaito maganar Fir'auna.

Abin da ya fi buƙatar lura shi ne halin da kika sa dattijon a ciki lokacin da ya furta maganar. Allah ya ambaci wanda ake mayarwa zuwa mafi ƙasƙancin rayuwa, har ya zamo bai san komai ba bayan da ya sani, a Suratun Nahli aya ta 70 da Suratul Hajji aya ta 5. Wanda hankalinsa ya gushe haka, malamai sun riskar da shi ga wanda aka ɗauke wa alƙalami a hadisin da Abu Dawuda ya ruwaito, saboda haka zaginsa da sambatunsa ba abin kamawa ba ne. Ko mai cikakken hankali ma, Muslim ya ruwaito labarin wanda raƙumarsa ta ɓace a daji, da ya gan ta sai tsananin murna ya sa harshensa ya kifar da magana, ya kira Allah bawansa, kuma ba a kama shi da ita ba. To ina ga wanda magagin mutuwa ya rufe?

Idan kuwa dattijon yana farfaɗowa jefi-jefi, to a lokacin da hankalinsa ya dawo mukallafi ne, wato hukuncin shari'a ya hau kansa, kuma ƙofar tuba a buɗe take gare shi muddin rai bai kai maƙogwaro ba. A nan nake ganin marubutanmu da yawa suna gaggawa, su mayar da mai mutuwa ko dai waliyyi ko shaiɗan. Amru ɗan Asi, sahabin da ya ci Masar, ya juya fuskarsa ga bango yana ta kuka a ciwonsa na ajali, ɗansa yana tuna masa busharar Annabi (SAW), sannan Amru ya ba da labarin matakai uku na rayuwarsa. Tsoro da fata suna haɗuwa a zuciya ɗaya.

Sharaɗi biyu zan gindaya miki. Kada ki siffanta wani mutum na gaske ta yadda danginsa za su gane shi, domin wannan tonon asiri ne da giba. Kada kuma ki yanke wa dattijon wuta saboda sambatunsa, don kada mai jinyar mahaifinsa ya karanta ya munana masa zato. Ya fi kyau ki nuna wani a gefensa yana laƙƙana masa kalmar shahada a hankali, ba tare da takurawa ba.

Allah ne mafi sani.