Amsar tambayarka a kan finafinan ban tsoro masu ƙaramin jari

Yarona, na ga takardar da ka bar mini a kan teburin tace hoto ranar Laraba. Ka ce ka shafe mako biyu kana kallon finafinan ban tsoro da na zaman ɗar-ɗar waɗanda aka yi da kuɗi kaɗan, kamar yadda na umarce ka, amma ka rasa ma'aunin da za ka auna su da shi, domin a idonka duk kamanninsu ɗaya ne: duhu ya yi yawa, 'yan wasan ba sanannu ba ne, kuma gida ɗaya ko daji ɗaya ake ta zagayawa har fim ya ƙare. Ka tambayi yadda mai sana'a yake gane wanda aka yi da gwaninta daga wanda aka yi da ha'inci, alhali dukansu talauci ya bayyana a jikinsu. Na zaɓi in ba ka amsar a rubuce domin ka riƙa komawa gare ta duk lokacin da ka zauna kallo.

Ka fara da raba rashin kuɗi da rashin kula, domin masu koyo sukan haɗa su wuri ɗaya su yanke hukunci guda. Fim ɗin Halloween na John Carpenter, wanda ya fito a 1978, an yi shi da kimanin dala 300,000, abin da bai taka kara ya karya ba a kasuwar finafinan Amurka. Labarinsa yana faruwa ne a ƙarshen watan Oktoba, lokacin da ganyen itatuwa yake bushewa yana zuba a can, amma an ɗauke shi a Kalifoniya a lokacin da itatuwa suke kore shar. Ma'aikatan suka tanadi ganye mai launin busasshe, su watsa shi a kan titi a ɗauki fitowa, sannan su bi su tsince shi su zuba a buhu saboda fitowa ta gaba. Idan ka ɗaga ido sama da kawunan 'yan wasan za ka ga koren ganye yana tona musu asiri, amma wannan talauci ne, kuma ba a kama mutum da laifin talauci. Fuskar robar da makashin yake sanyawa ma a kanti aka sayo ta da kuɗi ƙalilan, aka fesa mata farin fenti, aka faɗaɗa ramukan idanun. Rashin kula kuwa shi ne ka ga rigar jaruma ta yage a wannan fitowa ta kuma ɗinke kanta a ta gaba, ko ka ji ƙarar janareta tana bin muryar mutumin da aka ce shi kaɗai ne a tsakiyar daji, ko a bar waya a hannun wanda ake farauta ba tare da an gaya mana abin da ya hana shi kiran kowa ba. Gyaran waɗannan ba ya cin ko sisin kwabo, saboda haka a kansu za ka tsananta.

Kowane fim da za ka yi wa hukunci, ka kalle shi sau uku. Kallon farko ka yi shi da dare, kai kaɗai, ka kashe wayarka, ka manta cewa kai ɗan sana'a ne, ka dai riƙe biro ka rubuta mintin da ka ji tsikar jikinka ta tashi da mintin da ka ji hankalinka ya bar wurin. A kallo na biyu ka kashe sauti gaba ɗaya, ka ga ko hoton zai iya ba da labarin shi kaɗai, ko za ka san inda ƙofa take, inda taga take, da tazarar da ke tsakanin mai gudu da mai binsa. Fim ɗin da ba ka iya zana taswirar gidansa a takarda bayan ka gama kallo, da wuya ya tsorata kowa yadda ya kamata, domin mai kallo ba ya jin tsoron a tare hanya sai ya san inda hanyar take. A na uku ka juya wa talabijin baya, ka saurara da kunne kawai.

A wannan sauraron ne za ka fi gane mai sana'a, kuma a nan nake so ka fi daɗewa. Sauti shi ne abu mafi araha a wannan aiki, shi ne kuma ya fi kowane shiga jiki, domin mutum yana iya rufe ido idan abu ya fi ƙarfinsa amma kunnensa a buɗe yake. A fim ɗin Psycho na Alfred Hitchcock, na 1960, wanda ya yi da ma'aikatansa na talabijin a hoto marar launi domin rage kashe kuɗi, jinin da ake gani yana bin ruwa a banɗaki ruwan cakulan ne, ƙarar sukan wuƙa kuma a jikin wani ɗan itace dangin kankana aka ɗauke ta. Mutane da yawa sun fita sinima suna ganin kamar sun ga wuƙa tana shiga jiki sau da dama, alhali yankan hoto da kukan goge ne suka yi aikin. Ka kuma lura da yadda fim yake riƙe shiru. Shirun fim ba ya nufin a sauke sauti ƙasa har ya mutu, domin idan aka yi haka mai kallo zai ɗauka lasifika ce ta lalace. Shiru mai kyau yana da numfashin ɗakin a cikinsa: kukan gyare daga nesa, motsin labule, ƙarar kwanon rufi yana sakin zafin rana. Mai gwaninta yakan sa ka saba da kukan gyaren nan na tsawon minti biyu ko uku, sannan ya ɗauke shi ba zato, sai ka ji gabanka ya faɗi ba ka san dalili ba.

Daga nan sai ka koyi bambanta firgita da tsoro. Firgita abu ne na jiki, ko yaro ya fasa leda a bayanka za ka zabura, kuma ba ta wuce daƙiƙa biyu. Tsoro kuwa shi ne wanda yake bin ka har gida, ya sa ka ƙara duba sakata. Dabarar firgitarwa tana da asali mai kyau. A 1942, furodusa Val Lewton na kamfanin RKO, wanda aka gindaya wa sharaɗin kada fim ɗinsa ya wuce dala 150,000, ya fitar da Cat People. Akwai fitowar da wata mata take tafiya ita kaɗai da dare tana jin takun sawu a bayanta, sai takun ya ɗauke, ta riƙa waiwaye tana ƙara sauri, can sai wani huci mai kama da na damisa ya cika kunne, ashe motar bas ce ta taka burki a gabanta. Abin da ya sa wannan fitowa ta yi aiki shi ne doguwar tafiyar da ta gabace ta, da kuma cewa bayan ta shiga motar ba mu huta ba, domin har yanzu ba mu san abin da ya biyo ta ba. Na baya suka ɗauki hucin suka bar tafiyar. Saboda haka ka ƙirga sau nawa fim ya buga maka ƙara domin ka zabura, ka kuma duba sau nawa abin ya zama kyanwa ce ko aboki ne ya dafa kafaɗa. Idan hakan ya wuce sau biyu ko uku, kuma babu abin da ya rage a zuciyarka bayan ƙarar ta wuce, to mai fim ɗin ba shi da abin tsoratarwa, ganga kawai ya samu.

Sai batun abin da za a nuna da wanda za a ɓoye, kuma a nan ne ƙaramin jari yake iya zama alheri. The Blair Witch Project na 1999 an ɗauke shi cikin kwana takwas a wani daji na jihar Merilan, 'yan wasa uku ne suke riƙe da kyamarorin da kansu, kuma har ya ƙare ba a nuna mayyar ba, sai tarin duwatsu da ƙirare da aka ɗaure a rassan itatuwa. Ya tara kusan dala miliyan 250. Paranormal Activity kuwa Oren Peli ya ɗauke shi a cikin gidansa da kimanin dala 15,000, kuma babbar dabararsa ita ce ya kafa kyamara a ɗakin kwana ya bar ta ba motsi, har idon mai kallo ya shiga laluben kowane lungu da kansa, ta yadda ƙofa ta ɗan motsa kaɗan ya ishe shi tashin hankali. Kada ribar da suka ci ta ruɗe ka, domin waɗanda suka kwaikwaye su da girgiza kyamara da ihu a duhu ba su ƙirguwa, kuma mafi yawansu ciwon kai kawai suke sa wa.

Wannan darasi ni da kunyata na saye shi. Shekarun baya, lokacin kasuwar faifan CD tana ci, an kawo mini tace wani fim a kan amaryar da aka kai gidan da aljana ta riga ta zauna. Daraktan ya ɗauki wata fitowa da har yau nake yaba masa. Amarya tana kwance ita kaɗai tsakar dare, sai ta ji ana daka a tsakar gida. Ta ɗauki fitilar ƙwai ta fito, dakan ya tsaya, ta haska ta ga turmi a kife, taɓarya jingine da bango inda ta bar ta da magariba. Ta koma ɗaki, tana zama a bakin gado dakan ya ci gaba, wannan karon a kusa da ƙofa. Haka na fara haɗa ta, kusan minti biyu ba kiɗa ba magana. Mai kuɗin fim ɗin ya ce shi bai biya kuɗi don a nuna wa mutane turmi ba, aljana yake so a gani. Ni ma ba zan wanke kaina ba, domin a lokacin na fara koyon siddabarun kwamfuta, hannuna yana ƙaiƙayi, sai na ƙara wata mata a bakin ƙofa da jajayen idanu da koren hayaƙi yana tashi a bayanta. Da fim ya fita na je wani gidan kallo na zauna a bencin baya. Lokacin dakan nan wurin ya yi tsit, har yaron da ke zagayawa da gyaɗa ya tsaya da farantinsa a ka. Aljanata tana bayyana, wani saurayi a gaba ya ce, "Kai, wannan ai afolo take yi, a taimaka mata da maganin ɗigawa." Dariya ta ɓarke, kuma daga nan har ƙarshe babu wanda ya sake jin tsoron komai. Tun ranar, idan ina auna fim, nakan rubuta mintin da aka fara nuna dodon gaba da gaba, sannan in duba ko tsoron ya ƙaru bayan nan ko ya zube.

Finafinan zaman ɗar-ɗar, waɗanda babu aljani ko fatalwa a cikinsu sai mugun mutum, ma'auninsu ya ɗan bambanta, domin su a kan sani suke tafiya: wa ya san me, kuma yaushe ya sani. Hitchcock ya taɓa ba da misali da mutane biyu da suke hira a teburi alhali akwai bam a ƙarƙashinsa. Idan ya fashe ba wanda ya san da shi, mai kallo ya samu firgita ta 'yan daƙiƙu. Idan kuwa an nuna masa bam ɗin tun farko da lokacin da zai tashi, hirar banza ma sai ta zame masa azaba har tsawon mintuna. To ka riƙa tambayar kanka a kowace fitowa abin da ka sani wanda jarumin bai sani ba. Ka kuma duba ko fim ya riƙe dokar da ya kafa wa kansa, domin idan an ce makashin mutum ne kamar kowa, bai kamata a gan shi a zaure da kan soro a daƙiƙa ɗaya ba don kawai marubuci ya rasa mafita. Haka nan idan asirin da aka tona a ƙarshe bai bar sawu a farkon fim ba, yaudara ce aka yi maka, kuma kallo na biyu zai nuna maka hakan.

Game da namu na gida, ka duba ko tsoron daga cikin rayuwar mutanen ya fito. Living in Bondage na 1992, wanda aka yi da harshen Ibo a kan kaset ɗin bidiyo, hotonsa da sautinsa duk masu rauni ne, amma ya kama mutane domin labarin wanda ya ba da matarsa don ya yi kuɗi, fatalwarta ta hana shi sakat, abu ne da ake raɗe-raɗinsa a unguwanni tun kafin a kunna kyamara. Mu ma an raine mu da hana zama a gindin tsamiya da almuru, da hana shara da dare, da yin bisimilla kafin a zubar da ruwan zafi. Daraktan da ya san wannan ba ya bukatar ya bayyana wa Bahaushe dalilin da zai sa jin daka da tsakar dare ya tayar masa da hankali. Wanda kuma ya ɗauko mai fuskar roba da zarton inji daga fim ɗin Amurka ya ajiye shi a ƙauyen da kowa ya san kowa, sai ka rage masa maki ko da hotonsa ya fi na kowa kyau.

Ranar Asabar ka zo da takardunka na finafinai uku daga cikin waɗanda ka riga ka kalla, kowanne da mintocin da na ce ka rubuta da taswirar gidan da aka yi shi. Ka kuma karɓi ƙaramin rikoda a wurin mai kula da kaya, ka ɗauko mini ƙarar daka a gidanku sau biyu, ɗaya daga gindin turmin, ɗaya daga cikin ɗaki da ƙofa a rufe. Tsohon faifan amaryar nan yana nan a akwatina. Zan ba ka fitowar ka cire aljanar, ka sake haɗa ta da naka sautin, mu zauna mu saurara tare.