Tambaya da amsa: wace taya za a sa wa mota mai caji?

Assalamu alaikum jama'a. Tun da aka cire tallafin mai a watan Mayun 2023 tambayoyin da ake turo min suka canza, da can kan filogi da bakin mai ne, yanzu kuma motar lantarki ta fara shigowa. Wannan makon na ware huɗu da suka shafi taya da rim.

Tambaya: Malam barka da aiki. Na sayo Hyundai Kona mai lantarki daga Abuja, ba ta daɗe a hannuna ba amma tayoyin gaba har sun fara suɗewa. Wani ya ce min dole sai taya mai rubutun EV a jiki, wato wadda aka yi don motar lantarki, wai in na sa ta gama-gari batir zai lalace, kuma na zaga Gombe ban samu ba. Ya zan yi? Daga wani magidanci a Tumfure.

Amsa: Alhaji kwantar da hankalinka, taya ba ta lalata batir, wanda ya faɗa maka shi ma ji ya yi. Abin da ke cin tayarka abu biyu ne. Na farko nauyi, Kona mai caji ta fi 'yar'uwarta mai fetur nauyi da kusan kilo 300 saboda batirin da ke shimfiɗe a ƙasanta, kamar kullum kana yawo da buhun simintin Ashaka shida ne ko kai kaɗai ne a ciki. Na biyu kuma ƙafarka ce, ka yi haƙuri, don motar lantarki ba ta jiran inji ya ɗau zafi ko giya ta shiga, kana taɓa totur take ba da ƙarfinta gaba ɗaya, ita kuma Kona da ƙafafun gaba take ja, kuma in ka ɗaga ƙafa ta fara rage gudu da kanta tana mayar da wuta cikin batir nan ma tayoyin gaban ne ke shan wahalar, toh ka ga duk fizgar da kake yi a shatale-tale don ka bar 'yan Keke a baya robar tayarka ce ke biya.

In ka je saye, kafin ka fita buɗe ƙofar direba, akwai 'yar takarda manne a jikin ginshiƙin, ka ɗauki hotonta. Za ka ga 215/55 R17, sannan a jikin tayar kanta bayan wannan akwai lamba da harafi, irin su 94V. Wannan 94 ɗin ita ce maganar gaba ɗaya kuma ita ce mutanenmu ba sa kallo, mai shago ma sayiz kawai zai tambaye ka. Lambar nauyin da taya ɗaya za ta iya ɗauka ce: 91 kilo 615, 94 kilo 670, 98 kilo 750. Kar ka yarda ka sauka ƙasa da wadda motar ta zo da ita ko nawa aka rage maka, in ka samu wadda ta fi, musamman mai XL a jiki wato wadda aka ƙara wa ƙarfi don ɗaukar kaya, ita nake so maka tunda mu ba mu san mota ta tafi Bajoga da mutum biyu kacal ba. V ɗin kuma iyakar gudu ce, kilomita 240 a awa, H 210, babu inda za ka kai haka amma mai V ta fi jure zafi.

Mai rubutun EV tana da amfaninta gaskiya, ba ta da tauri wajen mirginawa don haka caji ya fi kai ka nesa kaɗan, kuma ba ta da ƙara. In ka samu a Kano ko Abuja kuma aljihu ya yarda ka saya. In babu, sabuwar taya ta kamfanin kirki mai lambar da ta dace ta wadatar. Ka riƙa juya su, na gaba su koma baya duk bayan kilomita 10,000 ko ƙasa da haka, a duba maka alaimen.

Tambaya: Yaya ina da Nissan Leaf, rim ɗinta 16 ne kuma wlh ya yi mata ƙanƙanta, ina so in sa 19 mai sheƙi kafin bikin abokina. Akwai matsala? Daga Jekadafari.

Amsa: Ƙanina akwai, kuma ba ɗaya ba. Tayarka ta yanzu 205/55 R16 ce, wannan 55 ɗin yana nufin tsayin gefen tayar kashi 55 cikin ɗari na faɗinta, wajen milimita 113 ke nan na roba da iska tsakanin rim da kwalta. In ka koma 19 dole ka sa siririya irin 225/35, gefenta bai kai milimita 80 ba. Yanzu ka ɗauko wannan ka ɗora mata nauyin batir ka faɗa rami ɗaya da daddare a hanyar Bauchi wajajen Alkaleri, ko dai gefen ya yi ƙulu, ko rim ya lanƙwashe ya fara sace iska, kuma taya mai ƙulu ba ta da faci sai dai a jefar. Shokazoba ma sai ta fara kuka ba da daɗewa ba.

Sannan babban rim ya fi nauyi, tayarsa ta fi faɗi, kuma irin masu sheƙin nan duk a buɗe suke iska na shiga tana riƙe motar, shi ya sa za ka ga rim ɗin asali na motocin lantarki kusan a rufe yake, ba rashin iya ado ba ne. Duk wannan daga cajinka ake cirewa. Kai kuma Leaf gare ka, wadda batirinta ba shi da ruwan sanyaya shi, zafin Gombe na watan Maris da Afrilu da ke kai maki 40 dama yana rage masa ƙarfi a hankali, ga Bauchi wajen kilomita 150, ga halin da wuta ke ciki. Ni da ni ne ko kilomita biyar ba zan bayar don hoton biki ba.

In ka nace sai ka canza, tsaya a 17, dama akwai Leaf da ke zuwa da 215/50 R17. Kuma kar a ruɗe ka da cewa ai noti biyar ne duk ɗaya. Rim ɗin Camry ramukan notinsa daidai suke da na Leaf, amma ramin tsakiya na Toyota milimita 60.1 ne na Nissan 66.1, ba zai zauna ba, in wani ya ce zai kai maka wajen masu lezi, wato masu injin fiƙe ƙarfe, a buɗa ramin ka ce ka gode.

Tambaya: Sabuwar taya ta yi tsada, direbana ya ce mu sa Beljiyam. Ya halatta? Daga wata Hajiya a Fantami.

Amsa: Hajiya a mota mai wannan nauyin ban ba da shawara ba. In kuma ba yadda za a yi, ki sa ya duba inda aka rubuta DOT, lambobi huɗu na ƙarshe su ne ranar haihuwarta, 2421 yana nufin mako na 24 a shekarar 2021, 'yan Road Safety shekara huɗu suke lissafa wa taya. Ya nemi inda aka rubuta TEMPERATURE ya ga A ne. Wadda kuma ke da hoton dutse mai kai uku da alamar ƙanƙara a ciki ta lokacin sanyin Turai ce, suna da yawa a cikin Beljiyam kuma zanensu ya fi burgewa, amma robarsu laushi gare ta, kwaltar nan tamu cinye ta take yi.

Tambaya: Mai facin unguwa zai iya taɓa tayar motar lantarki? Daga Bolari.

Amsa: Zai iya ɗan'uwa, amma ka tsaya a kansa. Babban abin tsoro jak ne, don yaron shago ya saba ya cusa shi duk inda ya ga ƙarfe, a wannan motar kuma shimfiɗaɗɗen ƙarfen da ke ƙasa gidan batir ne, ka nuna masa wurin da aka yi wa alama a gefe kusa da taya. Ka gaya masa yawancinsu akwai sensa mai auna iska a jikin bawul daga ciki kar ya karya ta wajen cire taya. Wasu tayoyin kuma za a tarar da soso manne a ciki na rage ƙara, sai a yanke daidai wurin hujin a goge sannan a sa faci. Iska kuma ban da bugawa da ƙafa a ce ta yi, Leaf 36 take so a ma'aunin iska na PSI, wasu kamar Tesla har 42, a auna da geji da safe kafin taya ta ɗau zafi. Da yawansu ba sa zuwa da safaya sai ɗan famfo da gorar gam, don haka in kana fita Kaltungo ko Dukku ka nemi safaya mai ramin da ya dace da motarka, ka haɗa da jak ɗinka ka ajiye a but.