Iyaka, Wa'adi da Sharaɗi a Littafi Mai Tsarki: Amsa ga Masu Karatu

Wata malama da ke koyar da yara a makarantar Lahadi a nan Damagaram ta aiko da tambaya a kan Littafin Ayuba, sura 14, aya 5, inda Ayuba yake faɗa wa Allah cewa kwanakin mutum ƙidayayyu ne, yawan watanninsa yana hannun Allah, an kuma sa masa iyakar da ba zai iya ƙetarewa ba. Ta ce tana so ta san ko wannan iyaka ita ce abin da Bahaushe yake kira ajali, kuma in ita ce, mene ne amfanin yi wa marar lafiya addu'a ko kai shi asibiti, tunda wasu iyayen yaran da take koyarwa sukan ce mata abin da aka rubuta ba ya kankaruwa.

Malama, tambayarki ta haɗa kalmomi da dama waɗanda muka saba jefa su a kwando ɗaya, wato iyaka, wa'adi, ajali da sharaɗi, alhali kowace da aikinta. Bari mu fara da iyaka, domin ita ce Bahaushiya tsantsa a cikinsu. Muna jin ƙamshinta a cikin "iya" da muke cewa ruwa iya gwiwa, ko iya nan na sani, kuma daga gare ta muka sami "iyakance" da "iyakaci". Wurin da ta fi zama da rai shi ne gona. Manomin Mirriya ko na Magariya ya san iyakarsa da gamba, ko aguwa, ko wata bishiya da kakanni suka shaida, kuma ya san cewa cin iyaka laifi ne da ke kai mutane gaban mai gari, wani lokaci har fadar Sarkin Damagaram. Abin lura shi ne, manomi ba ya kallon iyakar gonarsa a matsayin kurkuku. Ita ce ta tabbatar masa da cewa abin da ke ciki nasa ne, ya shuka gero ko wake yadda ya ga dama, maƙwabci kuma ba shi da ikon shigowa. Da wannan ma'ana ce Maimaitawar Shari'a 19:14 ta hana kawar da shaidar iyakar maƙwabci, sura 27 aya 17 ta la'anci mai yin haka, Karin Magana 23:10 kuma ta ambaci gonakin marayu musamman, domin su ne aka fi yi wa cin iyaka.

Kalmar Ibrananci da ke cikin ayar Ayuba ita ce "hok", daga tushen da ke nufin zanawa ko sassaƙawa a kan abu mai tauri, kuma masana harsunan Samiyawa suna danganta tushen da na Larabcin da ya ba mu "haƙƙi". Kalma ɗaya ce, amma Hausa tana buƙatar kalmomi da yawa kafin ta ɗauke ta. A littattafan Musa ita ce ƙa'ida ko doka. A Karin Magana 30:8, inda mai addu'a yake roƙon kada a ba shi talauci ko wadata sai abincin da ya dace da shi, ita ce rabo. A Ayuba 38:10 da 11 ita ce iyakar da Allah ya yi wa teku sa'ad da ya ce masa iya nan zai zo, ba zai wuce ba, Irmiya 5:22 kuma ya ƙara da cewa rairayi aka sa ya zama shingen, raƙuman ruwa su yi ta ruri amma ba za su haye ba. Duk wanda ya karanta waɗannan wurare a jere zai ga cewa yawancin iyakokin da Allah ya kafa an kafa su ne a kan abin da zai hallaka mutum. Haka yake a farkon littafin Ayuba ɗin kansa, inda aka ba Shaiɗan izini ya taɓa dukiyar Ayuba ban da jikinsa, daga baya aka ba shi jikin ban da ran.

Wa'adi da ajali kuwa baƙi ne da suka zo daga Larabci suka zama ƴan gida. Asalin wa'adi alkawari ne, amma a bakinmu ya koma lokacin da aka yanka domin cikar wani abu, kamar wa'adin bashi, ko wa'adin mulki. Ajali a asalinsa shi ma lokaci ne da aka ɗiba, kuma malaman fiƙihu suna amfani da shi a maganar ranar biyan bashi, sai dai a maganar yau da kullum mun taƙaita shi ga mutuwa, har mukan ce wane ya gamu da ajalinsa, ko kwanansa ya ƙare, ko kuma da sauran shan ruwansa in ya tsira. Saboda haka amsar sashen farko na tambayarki ita ce e, abin da Ayuba yake nufi a aya ta 5 ya yi daidai da ajali a ma'anar da muka sani. Amma ki duba aya ta 13 a wannan sura, inda ya sake amfani da kalmar nan ta "hok" yana roƙon Allah ya ɓoye shi har fushi ya wuce, ya yanka masa lokaci, sa'an nan ya tuna da shi. A can wa'adi ne, kuma abin bege ne. Irin wannan wa'adi ne shekara 70 da Irmiya 29:10 ya faɗa wa waɗanda aka kai bauta Babila, cewa in sun cika za a komo da su. Bahaushe ya ce rana ba ta ƙarya, sai dai uwar ɗiya ta ji kunya, wato ranar da aka sa ta biki za ta zo ko an shirya ko ba a shirya ba. Karin maganar tana tabbatar da zuwan ranar, tana kuma ɗora nauyin shiri a kan uwar ɗiya, kuma mutane sukan riƙe rabin farko su manta da na biyu.

Sashe na biyu na tambayarki shi ne mai nauyi, kuma a nan ina ganin iyayen yaran sun ɗora wa ayar kayan da ba nata ba. Ayuba yana magana ne cikin ƙunci, yana roƙon a sassauta wa mutum tunda kwanakinsa kaɗan ne, kamar yadda aya ta 6 ta nuna, inda ya kwatanta mutum da ɗan ƙodago mai jiran tashi daga aiki. Bai ce a bar marar lafiya ba magani ba. Labarin Sarki Hezekiya a 2 Sarakuna 20 ya isa hujja. Annabi Ishaya ya zo ya ce masa ya kintsa gidansa domin mutuwa zai yi. Hezekiya ya juya fuskarsa ga bango, ya yi addu'a da kuka, kuma tun Ishaya bai yi nisa ba aka ce ya koma ya shaida masa an ƙara masa shekara 15. Abin da ya kamata ki nuna wa iyayen shi ne aya ta 7, inda annabin nan da ya kawo albishir ya ce a kawo curin ɓaure a ɗora a kan marurun. Alkawarin warkewa da magani sun zo daga baki ɗaya a rana ɗaya. Ilimin ranar ƙarshe ta mutum yana wurin Allah, ba a ba mu shi ba, don haka babu wanda zai iya tsayawa a kan yaro mai zazzaɓin cizon sauro a tsakiyar damina ya ce wannan ajali ne tun bai kai shi wurin likita ba.

Wannan ya kawo mu ga sharaɗi, wanda shi ma daga Larabci yake, jam'insa sharuɗɗa. Sharaɗi shi ne abin da aka rataya wani abu a kansa, kuma a jimlar Hausa alamarsa ƴar ƙaramar kalma ce, "in" ko "idan". Mai karatun Littafi Mai Tsarki da ya koyi neman wannan kalma zai tsira daga ruɗani mai yawa. Maimaitawar Shari'a 28 gaba ɗayanta a kanta aka gina ta, albarka in an yi biyayya, la'ana in an ƙi. Irmiya 18:7 zuwa 10 ya faɗi ƙa'idar a fili: in Allah ya yi shelar hallaka wata al'umma, ta kuwa juyo daga muguntarta, zai janye masifar, in kuma ya yi alkawarin gina ta, ta koma ga mugunta, zai janye alherin. Shi ya sa da Yunusa ya yi shelar cewa saura kwana 40 a kife Nineba, mutanen birnin suka tuba, ba a kife shi ba. Ba a furta sharaɗin a cikin shelar ba, amma yana nan a ƙarƙashinta, kuma Yunusa da kansa ya san haka, abin da ya ba shi haushi ke nan a sura ta 4. Misalin da na fi so a wannan babi yana cikin Ayyukan Manzanni 27. An tabbatar wa Bulus cewa a cikin mutum 276 da ke jirgin ruwan da hadari ya rutsa da su a teku babu wanda zai rasa ransa, duk da haka da matuƙan suka nemi su sulale a ƙaramin kwalekwale, sai ya ce wa sojojin da ke tsaronsa da shugabansu in waɗannan ba su zauna a jirgin ba, ba za ku tsira ba. Bai ga wani saɓani tsakanin alkawarin da sharaɗin ba.

Akwai kuma alkawuran da ba a rataya su a kan komai ba. A Farawa 8:22 da 9:11 an yi wa Nuhu alkawarin cewa shuka da girbi ba za su daina ba, ruwan tsufana kuma ba zai ƙara shafe duniya ba, kuma babu "in" a ciki. Yadda ikon Allah da zaɓin mutum suke haɗuwa a maganar ceto tsohuwar muhawara ce a tsakanin Kirista, wadda har ta kai ga taron majalisar Dort a ƙasar Holan a 1618 zuwa 1619, kuma ikilisiyoyi ba su zama baki ɗaya a kanta ba har yau. Wannan fagen fastoci ne da malaman tauhidi. Nawa aikin shi ne in ce kada a karanta jimla mai sharaɗi kamar marar sharaɗi.

Wani dattijo daga unguwar Birni ya tambaya ko karin maganar nan, zakaran da Allah ya nufa da cara ko ana muzuru ana shaho sai ya yi, ba ta rushe duk maganar sharaɗi ba. Baba, Allah ya ƙara muku lafiya, ba ta rushe ba. Ku lura da lokacin da ake faɗinta: ana faɗinta ne bayan mutum ya tsallake maƙiya ko hatsari ya kai ga rabonsa, ko kuma don a ƙarfafa wanda ake yi wa hassada. Ban taɓa jin mai kiwon kaji ya kafa hujja da ita ya bar akurki a buɗe da dare ba. Bakin da ya faɗi wannan shi ne kuma ya ce rigakafi ya fi magani, ya kuma ce abin da mutum ya shuka shi zai girba, maganar da take kusan kalma da kalma a Galatiyawa 6:7. Karin magana kowace da muhallinta, kuma ba a auna ɗaya sai an san ƴan uwanta.

A nan ya dace in tuna wa masu karatu cewa zaɓen kalmomin Hausa domin waɗannan littattafai yana da alaƙa da ƙasarmu tun farko. Dorugu, wanda aka haifa a yankin Kance, ya bi Heinrich Barth, Bajamushe mai yawon bincike, zuwa Ingila a 1855, kuma daga bakinsa ɗan mishan James Frederick Schön ya ɗebi Hausa mai yawa a shekarun da ya fitar da Linjilar Matiyu a 1857. Cikakken Littafi Mai Tsarki na Hausa bai fito ba sai 1932, bayan dogon aikin ɗan mishan Dakta Walter Miller da abokan aikinsa.

Tambaya ta ƙarshe daga wani ɗalibin Jami'ar Zinder take. Ya karanta Ayyukan Manzanni 17:26, inda Bulus ya gaya wa mutanen Atina cewa Allah ya yi dukan al'ummai daga mutum ɗaya, ya ƙayyade musu zamanansu da iyakokin mazauninsu, sai ya tambaya ko wannan yana nufin iyakar da ta raba Damagaram da Daura da Kano aikin Allah ce. Ɗan'uwa, ayar ta haɗa abu biyu da muka riga muka rarrabe, wato wa'adi na zamani da iyaka ta wuri, kuma kalmar Helenanci ta abu na biyun, "horotesiya", ma'anarta kafa iyaka. Layin da kake magana a kansa Faransa da Ingila ne suka shata shi a yarjejeniyoyin 1898 da 1904 da 1906, ba tare da shawarar waɗanda ke zaune a wurin ba. Bulus yana cewa tashin al'ummai da faɗuwarsu da yaɗuwarsu a ƙasa ba su fita daga ikon Allah ba, kuma aya ta 27 ta faɗi dalilin, wato domin su nemi Allah. Wannan dabam yake da cewa kowane layi da mai ƙarfi ya ja halal ne. Amos 1:13 ya yanke wa Ammonawa hukunci saboda ta'asar da suka yi a Gileyad don su faɗaɗa iyakarsu, Yusha'u 5:10 kuma ya kwatanta shugabannin Yahuza da masu kawar da shaidar iyaka. Mutanen Atina da Bulus yake yi wa jawabi suna raba duniya gida biyu, Helenawa da bare, shi ya sa ya fara da cewa asalin kowa ɗaya ne kafin ya zo kan maganar iyaka, kuma a wannan jeri ya kamata ka karanta ayar.