Amsa ga mai tambayar yadin da ya dace da babban kilt

Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Ka ce abokan karatunka a Dundee sun gayyace ka wasannin gargajiyar mutanen tuddan Skotland, kana son ɗaura babban kilt irin na da, wato zanen da mazansu ke ɗaurawa a ƙugu, amma ka shiga shago an jero maka yadi iri-iri, ka rasa wanne za ka ɗauka, nauyi nawa, yadi nawa, kuma ko baƙo na da damar saka launin wani gida, wato zanen da aka san wata zuri'a da shi. Shekarata tara a Aberdeen, na yi rabinsu ina bin wata ƙungiya mai kwaikwayon rayuwar mutanen da, kuma sai da na yi asarar kuɗi kafin na gane kan abin.

Mai shago da ya ji kalmar kilt, hankalinsa na tafiya kan wanda tela ke ɗinkawa, mai ninki a guge, wanda ango ke sawa ranar biki. Naka ba shi ba ne. Wanda suke kira féileadh mòr da harshen Gelik babu ɗinkin ninki a jikinsa, bargo ne guda, ka shimfiɗa shi a ƙasa, ka tattara tsakiyarsa da hannu, ka kwanta a kai, ka ɗaure da bel. Rabin ƙasa ya sauka zuwa gwiwa, rabin sama ka yafa a kafaɗa, ko ka lulluɓe kai in ruwa ya sauko. Da dare kuma shi ne abin rufa. Bayani mafi tsufa da aka amince da shi game da wannan shiga na shekarar 1594 ne, inda aka siffanta mayaƙan tsibiran Hebrides da suka je Ailan, bel a kan mayafi. To abin da za a ɗaura a kuma kwana ciki, laushi ake nema masa, ba tauri ba.

A nan na faɗi. Na shiga wani shago na ce a ba ni mafi kyau, aka yanko min yadi shida na mai oza 16. Yadda suke auna nauyi shi ne oza nawa yadi ɗaya ya kai a cikakken faɗinsa: 10 ko 11 mara nauyi, 13 matsakaici, 16 mai nauyi. Lissafa da kanka, oza 16 sau shida ta haura kilo biyu da rabi, duk a rataye a bel guda da kafaɗa ɗaya. Ga shi irin zaren nan ne da aka shace aka murɗe tam, mai santsi, wanda aka yi don ya riƙe guga. Ina tattarawa yana zamewa. Kafin azahar ninkin baya ya warware, tulin da ke ƙuguna ya zama kamar na goya yaro, ina tafe ina ja. Wani dattijo a ƙungiyarmu ya dafa ni ya ce wannan yadi ne mai kyau, na kai shi wurin tela. Haka kuwa aka yi da shi daga baya.

Wanda nake ɗaurawa yanzu yadi huɗu da rabi ne na ulu mai oza 11, saƙa mai ɗan sako-sako da ɗan gashi a fuska. Wannan ɗan gashin shi ke sa ninki ya kama ɗan'uwansa ya zauna. Kada sanyin ƙasar ya ruɗe ka ka ce sai mai kauri, domin a baya yadin ya ninku sau uku ko fiye, iskar da ke tsakanin ninkin ita ke riƙe ɗumi. In kana yawan kwana a tanti cikin kaka, 13 ma ta yi. Sama da haka ni ba zan sake ba. Irin saƙar ulu mai ɗan kaushi da ake kira tuwid, mara nauyi, ma tana bayarwa sosai, sai dai wata na cizon fata, don haka ka goga ta a bayan gwiwa ko a wuya kafin ka biya.

Ka tabbata ulu ne zalla. Akwai na roba mai araha da ake sayar wa 'yan yawon buɗe ido a titin Royal Mile na Edinbura, a hoto ba ka bambancewa. Amma ulu ko ya jiƙe yana riƙe ɗumi, kuma tartsatsi in ya faɗa masa ɗan baƙi yake bari ya mutu. Na roba narkewa yake ya manne a fata, kuma duk taron irin wannan ba ya rabuwa da hura wuta.

Faɗi ya fi tsawo muhimmanci, mutane kuma ba sa tambayarsa. Kana buƙatar inci 54 zuwa 60, wato daga gwiwarka har ya wuce kanka. In dogo ne kai, nemi 60. Masaƙar hannu ta mutanen da ba ta wuce inci 30 ko ƙasa da haka, sai su saƙa doguwar ƙwarya su raba biyu su haɗa a tsaye, ɗinkin ya faɗo wajen ƙugu. Ranar da aka fara nuna min haka sai na tuna gwadon kakata, ƙwarya-ƙwarya aka harhaɗa shi, dabarar ɗaya ce. Wannan ne ma asalin ruɗanin da za ka ji na cewa sai yadi tara: tara na siririn ne, in an raba an haɗa ya koma huɗu da rabi. Har yau wasu launukan a siriri kaɗai ake samunsu, to in za ka saya ka ninka tsawon, ka ƙara ɗan rara don gidajen zanen su haɗu daidai.

Tsawo kuwa, yadi huɗu ya ishi mai matsakaicin jiki, biyar ga mai ƙiba. Ka gwada da tsohon labule ko zanen gado a ɗakinka tukuna. Ka kuma duba bakin yadin, don shi zai fito a gwiwarka ba kalmasa. In bakin yana da zare-zare ko wani launi daban, bar shi.

Sai maganar launin gida, wadda na ga ita ta fi damunka. Kwantar da hankalinka. Lokacin da babban kilt yake kayan yau da kullum, mutum na saka abin da masaƙin yankinsa ya saƙa ne da rinin da ya samu, da abin da aljihunsa ya iya. Bayan yaƙin Culloden na 1746 gwamnatin Birtaniya ta haramta wa mazan tuddai wannan shiga, in ban da sojojinta, ba a janye dokar ba sai 1782. Raba zane gida-gida, wannan na MacDonald wancan na Campbell, galibinsa aikin ƙarni na 19 ne. Masaƙar William Wilson da 'ya'yansa a Bannockburn ta riƙa laƙaba wa zanenta sunaye, ziyarar Sarki George na huɗu zuwa Edinbura a 1822 kuma ta sa kowane babban gida neman nasa. Babu dokar da ta hana ka saka na kowa. Ladabi dai shi ne in ka ɗauki mai sunan gida ka san sunan, don za a tare ka a tambaya, wani ma da murna yana zaton dangi ya samu. In ba ka son wannan hira, ɗauki Black Watch, mai shuɗi da kore da baƙi, kowa na sawa, ko na gari ko yanki. Hukumar rajistar tartan ta Skotland (tartan shi ne sunan irin wannan zane mai gida-gida), wadda ta fara aiki a 2009, tana da dubbansu a intanet da bayanin kowanne.

Ni dai na fi son wanda ba shi da suna sam. Tunda kana Dundee, ka nemi hoton ƙyallen Glen Affric, wanda aka tono a cikin taɓo aka kuma nuna a gidan tarihi na V&A na garinku a 2023. An ƙiyasta na tsakanin 1500 da 1600 ne, launinsa kore da ruwan ƙasa, da alamar ja da rawaya. Irin wannan launin za ka nema. A katalog za ka ga zane ɗaya da launi kala uku ko huɗu: "modern" mai duhu da ƙarfi, "ancient" mai haske, "weathered" mai kamar ya sha rana da ruwa. Sunayen duk na kasuwa ne, wanda suke kira "ancient" ɗin ma a ƙarni na 20 aka fito da shi. Kada kuma ka ɗauka mutanen da ba su san launi mai kyau ba, masu hali cikinsu suna sayen baba da jan rini daga waje, ja mai ƙuna ma alamar arziki ce.

Gidajen zanen su zama manya, inci shida zuwa takwas. Suna taimakawa wajen tattarawa, kana bin layi ɗaya kana kamawa, kuma a yadi mai faɗin haka ƙananan gidaje kan yi kama da ledar tebur.

Masaƙu irin Lochcarron a Selkirk suna aiko da ɗan ƙyalle na gwaji a kuɗi kaɗan. Ka nemi biyu ko uku, ka dunƙule kowanne a hannu ka saki, ka kai shi bakin taga, don hasken waya ƙarya yake yi game da launi. Idan ka saya, kada ya ga injin wanki, shanya shi a iska ya wadatar, ka ajiye shi inda asu ba za su kai ba. Bel ɗin ya zama na fata mai faɗin inci biyu ko fiye. In yadin ya iso ka yi min magana, ina saukowa Dundee wasu Asabar ɗin, sai mu shimfiɗa shi na nuna maka tattarawar.