Zan iya sauke akori-kurar mahaifina ta kwanta ƙasa?

Tambaya: Assalamu alaikum Oga. Na gaji Peugeot 504 akori-kura daga mahaifina, na tayar da injin, na yi mata fenti. Ina so in sauke ta ta kwanta kamar na Amurka da nake gani a waya. Mai walda ya ce zai gasa min sifirin gaba da wuta, ya zare ganye biyu daga sifirin baya, aikin yini ɗaya. In yarda? Har yanzu nakan yi lodin albasa da ita daga Aliero. (Wani matashi daga Jega)

Amsa: Wa'alaikumus salam ƙanena. Allah ya jiƙan baba, ya saka maka da ka ƙi bari motarsa ta ruɓe a gindin darbejiya. Amma kada ka bari wuta ta taɓa sifirin nan. Ƙarfen sifirin an dafa shi ne a masana'anta don ya lotsa ya dawo. Da zarar ya yi ja a bakin wutar gas, wannan dahuwar ta mutu. Zai ci gaba da zaunewa, ɓangare ɗaya ya fi ɗaya, wata rana ya karye. Na taɓa karɓar wata da aka yi wa haka; da na ɗaga ta, sai ga zoben sifirin uku sun manne da juna, gefen tayar kuma ya cinye har waya ta fito.

Waɗancan da kake gani, yawancinsu motocin nuni ne, ba sa ɗaukar ko buhu ɗaya. Taka kuwa irin wadda aka riƙa haɗawa a Kaduna ce, kuma tsayinta daga ƙasa shi ya sa ta yi suna a hanyoyinmu. Ganyen da ake son zarewa su ke riƙe da albasarka. Ka zare biyu, ka ɗora buhuna, bodi zai zauna kan robar da ke tare aksil, duk ramin da ka faɗa shasi ne zai sha dukan.

In ranka ya kafe, to kada ta wuce inci 2, wato kimanin santimita 5. Ka shiga ƙarƙashinta ka duba. In aksil na zaune a saman ganyen, ana iya sa bulon ƙarfe tsakaninsu, a canza U-bol, wato ƙarafan da ke ɗaure aksil da ganyen, da sababbi masu tsawo; tsofaffin ba a maimaita su, sun riga sun miƙe. Bayan an ɗaure, ka tabbata ƙasan U-bol bai sauko ya wuce bakin rim ba, don in taya ta fashe kana gudu, kada ƙarfe ya riga rim taɓa kwalta. In kuwa aksil na ƙarƙashin ganyen, bulo ɗaga ta zai yi, sai dai a kai ganyen wajen maƙerin da ya san aikin ya rage musu lanƙwasa ba tare da wuta ba. A gaban motar kuwa, sifirin da aka ƙera gajere tun asali za ka nema.

Aikin bai ƙare nan ba. Shokzoba ta asali za ta yi tsawo, tana kaiwa ƙarshe kafin lokaci, sai a nemi gajera. Kusurwar farfela, wato sandar da ke kai juyi zuwa aksil na baya, na iya canzawa. In ka ji karkarwa a ƙasan kujera da ka ƙara gudu, daga nan ne, kuma siririn ƙarfe mai gangare da ake sawa a mazaunin aksil ke gyara ta. In motarka na da bawul ɗin da ke auna nauyin kaya yana raba ƙarfin birki, sai an sake saita shi, don zai ɗauka a lode take, tayoyin baya su riƙa kullewa alhali babu kaya. Sannan a yi alaimen, a daidaita fitilun gaba.

Ni dai da tawa ce, muddin tana zuwa Aliero, zan canza mata robobin sifirin da shokzoba, in bar ta a tsayinta. Kafin ka biya kowa ko sisi, ka yi mata cikakken lodi, ka auna tazarar salansa da kwanon man inji daga ƙasa, ka cire inci 2, sannan ka je ka tsaya a kan tudun rage gudu mafi tsawo da ke hanyarka ka gwada abin da ya rage.